Ranar da Veluchamy Ya Ɗauki Filaya

Duk wanda ya taɓa kai motar tsere gyara a Coimbatore ya san Veluchamy, kuma da wuya ka samu mai cewa yana ƙaunarsa. Gajere ne, mai bakin tsiya. Idan ka gaishe shi, sai ya dubi tayar motarka kafin ya dubi fuskarka, abin da ya gani a can ne zai yanke ko za ka samu amsa. Daga wani ƙauye kusa da Pollachi ya zo yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya fara da injinan masaƙa, ya koma gyaran tasi, daga nan wani tsoho mai garejin motocin tsere ya ɗauke shi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kwance ƙarƙashin motocin da ke gudun fitar hankali, amma bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Bas yake hawa ya zo, bas yake hawa ya koma wurin matarsa Kanagam, wadda ita kaɗai ke iya ce masa ya yi shiru ya yi.

Da tsohon ya mutu, ɗansa Kathiresan ya gaji garejin, ya ɗauko wani Ilango da ya yi aiki a Dubai ya ɗora shi a kan kowa. Tun ranar farko jininsu bai haɗu ba. Ilango yana ce masa anna, wato yaya, amma yadda yake jan kalmar, gara zagi. Shi kuma Velu bai taɓa kiransa da suna ba, sai dai "mai farin farce". Bayan rigima ta uku Kathiresan ya ja Velu gefe ya ce, "Don babana nake ƙyale ka. Ka ƙara ɗaya, ka ɗauki akwatinka." Velu ya san ba wasa ba ne. Ya kuma san yana da shekara hamsin da takwas, gwiwoyinsa sun gaji, kuma babu garejin da ya rage a garin wanda bai zagi mai shi ba.

Ana cikin haka aka kawo motar Marudhu, ɗan wani mai masaƙa, saurayin da Velu ya tsana don yana kashe taba a kan teburin aikinsa. Marudhu ya sa an ƙara sauke motar yatsa biyu, har cikinta na neman lasar ƙasa, ya ce kuma birki na yi masa laushi a ƙarshen doguwar miƙe. Maganin sananne ne: a ja tiyo mai kauri daga bakin bamba zuwa farantin birki, iska ta riƙa hura shi. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da tiyon zai bi, don motar da aka sauke ba ta bar wa kowa fili tsakanin taya da jiki ba.

Velu yana da yadda yake yi, kuma yakan ci yini guda. Sai ya ajiye mota a ƙasa, ya ɗora buhunan yashi a kujerar direba, ya shafa wa tiyo alli, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan ya kwanta ya nemi inda allin ya goge. Ilango kuwa a sama ya ɗaga motar, tayoyi na reto, ya tsaya a tsaye abinsa ya ja tiyon a miƙe sambal, ya ɗaure da igiyoyin roba a jere gwanin sha'awa. Awa ɗaya ya gama, har ya ɗauki hoto.

Velu ya leƙa ya yi tsaki. "Kai, mai farin farce, a sama za a yi tseren?"

"Anna, je ka sha kofinka."

"Taya na rataye, dole ka ga fili. Sauke ta ƙasa mu gani! Sau biyu kawai za ta sha kwana, tayar ta cinye tiyon kamar akuya ta samu takarda."

"Zamanin alli ya wuce, anna. Ko makaranta ta daina amfani da shi."

Ma'aikata suka tuntsire da dariya. Kathiresan ya leƙo daga ofis, ya nuna Velu da yatsa ya ce, "Kada hannunka ya taɓa motar nan." Velu ya koma bakin aikinsa.

Washegari ranar Ayudha Puja ce, bikin da ake girmama kayan aiki. An wanke gareji tas, an kafa 'ya'yan ayaba a ƙofa, an jera kowace sifana da guduma da filaya a gaban hoton Saraswati, abar bautarsu, an ɗiga wa kowacce jan gari da turaren sandal. Daga nan babu mai taɓa kayan aiki sai gari ya waye, kuma da asubar za a loda motar zuwa filin tsere. A shekara talatin da huɗu Velu bai taɓa karya wannan ba. Shi ne ma mai buge wa mutane hannu idan suka miƙa.

Da aka zo turo motar Marudhu gaban hoton don a rataya mata furanni, sai aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Velu na tsaye gefen tayar hagu, ya ji wani ɗan ƙara, ƙiii, roba na gogar roba. Babu wanda ya ji sai shi. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya ga tayar ta danne tiyon har ya lotsa, alhali ko direba babu a ciki.

Abin kunya ne, amma farin ciki ya fara ji. Gobe tiyon zai yage, birki ya ɗau zafi, duniya ta ga wane ne makanike. Yana tauna soyayyar shinkafar da aka raba yana jin daɗin abin. Sai kuma ya tuna katangar tayoyin da ke ƙarshen miƙen, ya tuna wani direba da ya taɓa taimakawa aka zaro daga mota a daidai wurin. Shinkafar ta zame masa yashi a baki. Ya tsani Marudhu, ba ƙarya, amma ba har can ba.

Da rana ta take kowa ya watse, Velu ya tsaya gaban hoton ya haɗa hannuwa ya ce, "Uwa, ki yi haƙuri, kin dai ga aikin jakin nan." Ya ɗauki filayarsa da jan garinta, ya kwanta a gefe ya cusa hannu ta bayan taya, gwiwoyinsa na kuka. Ya yanke igiyoyin, ya canja wa tiyon hanya, ya gama hagu ya koma dama. Yana jan igiya ta ƙarshe ya ga takalmin Ilango a gaban fuskarsa. Wayarsa ya manta ya dawo ɗauka.

Ilango ya buga waya, kafin rabin awa Kathiresan ya iso cikin farin zanen da mazansu ke ɗaurawa ran biki. "Yau? A garejin babana? Gobe za mu shiga fili ka jawo mana tsiya!"

Velu ya ce, "Thambi, ƙanena, sunkuya ka duba da idonka."

"Ni ba ƙanenka ba ne, ubangidanka ne."

Ilango ya ce, "Ranka ya daɗe, na kama shi da wuri, bai kai ga ɓata komai ba."

Velu ya ce ƙarya yake, ya rantse ya maya, ya haɗa da zagin da ya girgiza ganyen ayabar ƙofa. Amma mai farin zane ba ya kwanciya a ƙasan gareji. Kathiresan ya ce ya zo ran Litinin ya kwashe kayansa.

Ran Lahadi birkin Marudhu ya riƙe daga farko har ƙarshe, ya zo na uku. Da Velu ya shigo ran Litinin, ya tarar da kwalin alewa a kan tebur, Marudhu na dukan kafaɗar Ilango yana cewa hannunsa zinariya ne. Kathiresan ya dubi Velu ya ce, "Ka gani? Duk hayaniyar banza ce." Velu ya juya wurin teburinsa. Ya zuba kayansa a akwati ya fita.

A bakin titi Ilango ya cim masa, yana waige. Murya ƙasa ƙasa ya ce, "Anna, na cire tiyon don in wanke, na kasa mayar da shi yadda ka yi. Kuma Marudhu zai kawo ta ƙanensa a sauke. Ta ina ka bi da shi?"

"Za ka gaya wa Kathiresan aikin wa ne?"

Ilango ya dubi ƙasa.

"To je ka tambayi Dubai."

Velu ya tsallaka titi da akwatinsa, ya tsaya jiran bas. Wannan hanyar tiyon ita kaɗai ta rage masa da zai yi ciniki da ita, kuma ya san da ya ƙara kwana uku da bakinsa a rufe, Ilango zai zo har gida yana roƙo. Bas ta taho. Ya sa ƙafa ɗaya a matakala, kwandasta na daka masa tsawa, sai ya juyo ya kwarara murya ta ƙetare titin.

"Ta bayan shokozoba, jaki! Ka matse shi ya yi faɗi a daidai taya, ka bar masa saki taƙi ɗaya wajen faranti! Ɗan mutane ne zai shiga ciki!"

Ilango bai ce na gode ba. Ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya koma ciki da sauri.