Ranar da Manjo Ya Faɗo Kan Bakin Takobina

Likita ce ta ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi, saboda hawan jinin da ya kama ni bayan na haura arba'in. Na gwada zagaya unguwarmu a Lugbe bayan sallar asuba, karnukan maƙwabta suka hana ni. Sai wata abokiyar aikina ta ja ni zauren wasanni na wata makaranta a Garki, inda wani dattijo ɗan Japan yake koyar da wasan takobi na ƙasarsu duk ranar Asabar da hantsi. Kendo ake ce wa wasan. Dattijon injiniyan ruwa ne, aiki ya kawo shi Abuja. Ita wadda ta kai ni, mako uku ta yi ta gudu. Ni na zauna.

Ba mu taɓa wuce mutum goma sha biyu ba. Takobin gora ce da aka tsaga gida huɗu aka ɗaure, aka rufe bakinta da fata. Akwai sulken ƙirji, da safar hannu mai kauri, da kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska. A ƙasan kwalkwalin akwai wani ɗan harshe mai tauri da yake rufe maƙogwaro. Nakan ɗaure ɗankwalina tamau sannan in ɗora kwalkwalin a kai.

Amma sai da na yi wata huɗu kafin Malam, haka nake kiran dattijon, ya bar ni na taɓa waɗannan kaya. Tsayuwa kawai yake koya min, wadda suke kira tsayuwar tsakiya. Ƙafar dama a gaba, ta hagu a baya, dugadugin hagu a ɗan ɗage kamar za a zura takarda a ƙarƙashinsa. Hannun hagu yana riƙe da gindin takobi daidai cibiya, tazarar dunƙulen hannu ɗaya daga ciki. Bakin takobin kuma yana kallon maƙogwaron wanda ke gabanka. Shi ke nan. Malam ya ce idan mutum ya riƙe tsakiya, babu mai iya shigowa kansa sai ya fara kawar da wannan bakin takobin. Turancinsa kaɗan ne, Hausarsa kuwa ba ta fi kalma biyar ba, wajen maigadin makarantar ya tsince su. Yakan zo ya sa yatsa ɗaya ya ture bakin gorata, ta tafi gefe kamar ƙyauren da ba a sa wa sakata ba. Sai ya girgiza kai.

"Tsakiya, Hajiya. Tsakiya."

A cikinmu akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Manjo. Mutumin Binuwai ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, yana zuwa tun daga Masaka. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ba mugun mutum ba ne. Shi yake zuwa da ruwan sanyi a bayan motarsa ya raba wa kowa, kuma shi yake fara ɗaukar tsumma idan za a goge dandamali. Sai dai da zarar ya sa kwalkwali ya zama wani daban. A wasan nan ana ihu kafin a kai sara, amma nasa ihun har a haƙorana nake jin sa. Kuma ba ya auna ƙarfinsa. Idan ya sare ni a ka sai in ga wuta, in ya same ni a wuyan hannu sai in yi kwana uku ba na iya murɗa makullin mota. Malam ya yi masa magana ya fi sau nawa. Ya ce to, ya rusuna, mako mai zuwa ya koma.

Saboda haka duk lokacin da layin musayar abokan karawa ya juyo na sami kaina a gabansa, baya nake ja. Yana taku ɗaya, in yi biyu, har bayana ya taɓa bango. Bakin takobina ya yi sama, ya yi gefe, ya tafi ko'ina ban da inda aka ce ya zauna. Bayan an tashi yakan miƙo min ruwa yana dariya, da Hausarsa ta bariki.

"Hajiya, kai ka cika gudu. In ka gudu, ni zan bi ka. Haka muka koya."

"Oga, ai kai ma ka cika duka."

"Wannan duka ne? Wannan gaisuwa ne."

Ni ma nakan yi dariya. Amma tun daga daren Alhamis nake fara fargabar zuwan Asabar. Maigidana ya ga shacin shuɗi a hannuna ya ce, "Ke kam, wannan maganin hawan jini ne ko mai kawo shi?" Ban bar zuwa ba, ban kuma gaya wa kowa yadda na fara jin haushin Manjo ba.

Ranar da abin ya faru a cikin damina ne. An ɗauke wuta, fankoki sun tsaya, hadari ya haɗo amma ruwan ya ƙi sauka. Gumi yana gangaro min cikin ido ta ƙarƙashin ɗankwali, ba damar sharewa. Layi ya juyo, ga Manjo a gabana. Kafin mu fara Malam ya zo ya tsaya a bayana, dab da ni, yadda in na ja baya shi zan taka. Ya yi magana a hankali daidai kunnena, ya ce kada in kai sara ko ɗaya, kada in kare, in tsaya a tsakiya kawai.

Muka rusuna wa juna, muka miƙe, bakunan takubbanmu suka haɗu. Ina jin nauyin hannunsa ta cikin gorar. Ya ɗan tura tawa gefe, na mayar da ita. Ya sake turawa, na sake mayarwa. Ta cikin ragar ƙarfen ina ganin idanunsa, sun ɗan ƙanƙance, kamar yana mamaki. Ina jin dugadugina na hagu yana so ya sauka ƙasa. Ya buga ƙafa a dandamali ya yi ihu don in firgita. Na firgita, amma Malam yana bayana. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sauran duk sun daina nasu, zauren ya yi tsit, numfashina kawai nake ji a cikin kwalkwali.

Sai ya ɗaga takobinsa ya taho gaba ɗaya, bai kawar da nawa ba.

An koya mana abin da ake yi a irin wannan. Idan mutum ya taho kan bakin takobinka, sai ka sassauta hannu, ka bari ya sauka a kan sulken ƙirjinsa ko ya zame gefe. Na sani sarai. Ban sassauta ba. Bakin gorar ya daki harshen kwalkwalinsa, ya zame ta ƙarƙashi, ya shige wuyansa. Gorar ta lanƙwashe a hannuna kamar baka. Na ji abin har kafaɗata.

Bai yi ƙara ba. Takobinsa ya faɗi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, hannayensa biyu suna lalube a wuya, safar hannun ta hana shi kama komai. Malam ya riga kowa isa. Ya kwance igiyoyin kwalkwalin da sauri ya zare shi. Fuskar Manjo ta yi jawur, bakinsa a buɗe, yana jan iska da wata ƙara siririya kamar usur ɗin da ya toshe. Wani ya kawo ruwa, Malam ya ture hannunsa. Ni ina tsaye inda nake, takobin yana hannuna, har sai da wata ɗalibar jami'a da muke yi tare ta girgiza ni.

"Anti, motarki ce a bakin ƙofa. Kawo makulli, ko ki tuƙa."

Na tuƙa. Da sulken a ƙirjina na shiga mota, ƙafata ba takalmi. Manjo yana baya a zaune, Malam ya tallafe masa kai yana ce masa ya ja numfashi a hankali. Muna fitowa titi ruwan ya ɓarke. Asibitin bai fi tafiyar minti goma ba, amma a shataletale wata tirela ta mutu, motoci sun cushe. Na danna ham har hannuna ya gaji. Ta madubi nake kallonsa. Duk lokacin da ƙarar numfashin nan ta ɗan tsaya sai in ji nawa ya tsaya, in ta dawo in ce Alhamdulillahi. Na sauke gilashi na yi wa wani direban tasi magiya cikin ruwa.

"Don Allah Malam, mara lafiya ne, ba ya numfashi!"

Ya leƙo, ya gani, ya hau gefen titi ya ba ni hanya, har ya fito yana bubbuga motocin gaba.

Suka shige da shi ciki, suka bar mu a benci. Malam ya zauna, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Can ya ce laifinsa ne, shi ya tsaya a bayana. Bayan kamar awa biyu matar Manjo ta iso, 'yar gajeriyar mace, zaninta a jiƙe. Ta dubi rigar wasan da ke jikina, ta dubi ƙafata.

"Ke ce?"

"Ni ce, Mama."

"Shekara talatin yana soja, ya dawo min da ransa. Sai wasa?"

Ta koma can ƙarshen bencin ta zauna. Da likita ya fito ya ce hanyar iska ba ta toshe ba, amma akwatin muryar ya bugu ya kumbura, za su riƙe shi kwana biyu, kuma kada ya yi magana har sai an ba shi izini. Ta tambaya ko muryar za ta dawo. Ya ce za a gani.

Mako uku ban je Garki ba. Da na koma, tsayuwata ta lalace ta wata fuskar. Ba na ja da baya, amma da mutum ya motsa sai in kawar da bakin takobina da kaina, in buɗe masa hanya. Malam ya gani, bai ture min gora da yatsa ba. Sauran kuma kowa cewa yake tsautsayi ne, ai Manjo ne ya faɗo da kansa, kowa ya gani.

Abin da ba su gani ba shi ya hana ni sukuni. A daidai lokacin da ya taho, ba tsayawa kawai na yi ba. Hannuna na hagu ya matsa gaba. Kaɗan ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ni na san ya matsa, kuma na san abin da ke raina lokacin da ya matsa.

Bayan wata biyu na ce wa maigidana ya raka ni Masaka. Muka sayi kankana da lemo a hanya, muka sha cunkoson Mararaba. Matar ta buɗe mana ƙofa, ta amsa gaisuwa a taƙaice. Manjo yana zaune a falo da singileti, ya rame kaɗan. Ya yi mana maraba, muryar ta fito a shaƙe, ƙasa-ƙasa, sai an matsa ake ji. Matar ta ce a da shi ne yake jan waƙa a cocinsu, yanzu sai dai ya zauna a baya. Ta faɗa tana kallon bango, sannan ta shige kicin.

Maigidana ya fita amsa waya. Na san idan ban faɗa a lokacin ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Oga, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar nan, ba faɗowa kawai ka yi ba. Na tura."

Ya dube ni. Ina jin ƙarar cokali a kicin.

"Na sani," ya ce. "Wuyana ne. Na ji shi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya taɓa maƙogwaronsa, ya haɗiyi yawu da ƙyar.

"Wata nawa ina dukan ka, kana cewa da zafi, ina dariya." Ya tsaya ya huta. "Amma kada ka gaya wa madam. Ita ba za ta gane ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa. Ba mu ƙara maganar ba, don matar ta fito da tire, ta ajiye mana shinkafa da miya, ta ce mu ci kafin ta huce. Na ci, duk da ba na jin yunwa.

Manjo bai koma wasan ba. Muryarsa ta ɗan ƙaru daga baya, amma ba ta koma yadda take ba. Yakan kira ni ranar Sallah, ni kuma in kira shi ranar Kirsimeti, in manna wayar a kunne sosai don in ji abin da yake cewa. Ni na ci gaba da zuwa har shekara guda da rabi, lokacin da aikin Malam ya ƙare ya koma ƙasarsu, makarantar kuma ta mayar da zauren wurin jarrabawa. Har Malam ya tafi ban gaya masa cewa na tura ba.