Gaisuwar da Ban Soke Ba

Shekarar da ruwa ya fara taruwa a dam ɗin Bakolori ina koyar da 'yan aji shida a Talata Mafara, kuma ni na ɗora musu aikin jaridar bango. Takardar buhun siminti muke roƙowa wurin leburorin dam, mu karkaɗe, mu rubuta, mu manna da ƙaro a katangar da ke kallon hanyar kasuwa. Kowa ya kawo labari guda duk mako.

To, ka san mutanenmu da gaisuwa. Yaro zai ba da labarin akuyar da ta faɗa kwalbati, amma sai ya gaida hedimasta, ya gaida liman, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, takarda ta cika akuya ba ta ko iso ba. Haba! Jan biro na saya musamman don sokewa, na rantse duk wanda ya sake gaisuwa a jarida zai yi sharar aji mako guda.

Akwai wata yarinya da iyayenta suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Maradun, bayan ruwa ya ci gidajensu. Tun ranar tashin ba su san inda goggonta ta nufa ba, wadda ta goye ta. Duk aji an sani, don ta ishi kowa da tambaya.

Wata Litinin ta miƙo takardarta. Gaisuwa ce daga sama har ƙasa. Tana gaida gidan maƙera, tana gaida gidan gindin tsamiya, tana gaida goggonta mai dakan fura, ina kwananku, ina gajiyar tashi. Raina ya ɓaci, na zaro biro.

"Ke, ina labarin?"

"Malam, ai shi ke nan. Gobe kasuwa. In wani ya gani, ya kai musu."

Wallahi kunya ta rufe ni. Na mai da biro aljihu, na ce ta sake rubutawa da manyan baƙaƙe, ta ƙara da ajami a ƙasa, don yawancin masu cin kasuwa shi suke karantawa. 'Yan aji suka dinga gunaguni, wai malam ya yi son kai. Na ce kowa ya kama bakinsa.

Washegari da hantsi wani dattijo mai jakin albasa ya tsaya gaban katangar yana bin ajamin da yatsa. Can ya leƙo ta taga muna tsakiyar lissafi. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ɗawainiyar yara. Yarinyar ta miƙe tsaye. Ni ma kamar in ce masa baba yi sauri, amma na amsa duka.

Sannan ya ce, "Wa ke neman mai dakan fura? Tana nan Dakko, wajen Bakura, gidanmu katanga ɗaya. Kullum sai ta yi zancen ɗiyar da ta goya."

Ta taga yarinyar ta fita, ko izini ba ta nema ba.