Jirgin da Baba Ya Ji

A Kafanchan in ka ce jirgi, jirgin ƙasa kake nufi. A nan aka haife ni, na san haka sarai. Shi ya sa ba ni da bakin kare kaina.

Ofishinmu na aikin gona ya tura ni wani taro a Lokoja kan dakon kaya ta kogi. Aka nuna mana jiragen ruwa masu faɗin ciki, ɗaya na kwashe kayan tireloli da yawa, ba ramin hanya, ba shingen karɓar na goro. Aka ce in gwamnati ta yashe kogi, cittarmu za ta isa bakin teku da araha. Na dawo kaina ya kumbura.

Babana tsohon ma'aikacin reluwe ne, tun da jirgi ya daina zuwa bai ƙara dariyar kirki ba. Muna cin tuwon acca na ce, "Baba, an kusa fara ɗaukar citta a jirgi."

Ya ajiye lomarsa. "Jirgi zai dawo?"

Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa: ruwa. Amma yadda fuskarsa ta washe, ga daɗin zama mai kawo labari daga sama, sai na ce, "Ana kan magana." Kai, ni ma dai!

Ran Lahadi, lokacin shaida, Baba ya miƙe a coci ya ce ɗansa ya zo da albishir daga gwamnati. Mata suka rangaɗa guɗa. Fasto ya ce in tashi a gan ni. Na tashi, har da ɗaga hannu.

Washegari tsofaffin reluwe suka fito da adduna suna sare ciyawar da ta rufe layin dogo. Kwana uku ina wucewa a babur ina kau da kai. Da na ga tafin hannun Baba ya fashe, na durƙusa na faɗa masa gaskiya.

"Na ruwa?" ya ce. "Wane ruwan muke da shi a nan?"

Bai zage ni ba. Lahadi ta zagayo ya sake miƙewa, hularsa a hannu.

"Jama'ar Ubangiji, ku gafarce ni. Jirgi ba ya zuwa. Yaron bai yi ƙarya ba, kunnena ne ya tsufa."

Ina zaune a benci na uku. Ban tashi ba.