Ranar da Kawu ya kira wa ƙwaƙwalwar mijina wanzami

In dai ina numfashi, ba zan manta da ranar da aka tashi kafa wa mijina ƙaho a ka saboda hoto ba.

Akuya ce ta gitta masa a hanyar Jama'are, ya faɗo daga babur, kai ya bugu. A asibiti nan Azare aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoto. Wata likita ta nuna mini ƙwaƙwalwar maigida a kwamfuta, ga ja, ga kore, ga shuɗi, kamar atamfar sallah. Ta ce kwamfutar ce da kanta take gane kowane sashe ta shafa masa launi. Ciwon kaɗan ne, zai warke, amma kada kowa ya taɓa kan nan. Ni kuwa da rawar kai na ɗauki hoton a waya.

Bayan an sallame mu, kawunsa ya zo dubiya daga Gololo. Tsautsayi ya sa na nuna masa.

"Innalillahi!" in ji Kawu. "Duk wannan jan mataccen jini ne! Koren nan kuma gansakuka ce, dama yaron nan ba ya amfani da wajen."

Kafin na kawo ruwa, har ya aika an kira wanzami. Mutumin ya baje ƙahonni a tabarma, yana duba waya yana auna kan maigida da yatsa, wai yana neman inda jan ya fara. Maigida kwance, ido kawai yake juyawa. Ni kuma suruka, ban taɓa ɗaga murya gaban Kawu ba.

Da na ga aska ta fito, na faɗa ɗaki na kira likitar ina kuka. Ta yi salati, ta turo mini hoton kan wani mai lafiya, launukan sak iri ɗaya. Na fito na durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, a gafarce ni. Wannan kan lafiyayye ne. Likita ta ce kowa haka nasa yake fitowa."

Ya ƙura wa wayar ido. "Kowa? Har ni?"

"Har ku, Kawu."

Sai ya cire hula, ya shafa sanƙonsa, ya juya wa wanzami ƙeya.

"Shi ya sa nake jin nauyi. Ƙyale yaron nan, yana shan magani. Ni da ba wanda ya duba ni, fara da ni."

Ranar Kawu ya sha ƙaho har magariba, maigida yana dariya yana riƙe kai, ni ina hawaye ina dama fura.

Tun daga nan na san kunya ado ce, amma in aska ta nufi kan naka, ajiye ta ka buɗe baki.