Ranar da Na Goya Uwar Mijina

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana ƙasar nan. Wasu na manta, wasu ma da gangan na watsar da su. Amma ranar da na goya uwar mijina a bayana kamar jaririya, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin muna zaune a Fallowfield, wata unguwa a Manchester, a wani ɗan flat da in ka yi atishawa a kicin za a yi maka addu'a daga ɗakin kwana. Mijina yana karatun digirinsa na uku, ni kuwa daga gama sakandare aka ɗaura mana aure na biyo shi. Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Kano don a yi mata aikin yanar ido. An yi wa ido ɗaya, ɗayan yana jiran layi, saboda haka abu mai nisa dishi-dishi take ganinsa. Ga kuma ciwon gwiwa.

Mijina shi ne ɗanta na fari, kun san yadda abin yake. Ba ta kiran sunansa, sai dai “wancan yaron”. Ni kuwa in na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, a tsaye nake ci a kicin. Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. To amma kunya a gidan Kano mai soro da tsakar gida daban, kunya a flat mai banɗaki ɗaya daban. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, abin da ke cikina shi ke bakina. Kullum muka yi waya da mahaifiyata sai ta ce, “Ki dai kama bakin nan naki.” Na kama shi har ya fara yi mini ciwo.

Ƙanwar mijina ce ta kawo shawarar tafiyar. Tana aure a Sparkbrook, a Birmingham, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma tsokana ce tsakaninmu. Uwar gaggawa take ce mini. A lokacin cikinta ya tsufa, da ƙyar take ɗaura takalmi. Ta bugo waya ta ce, “Matar Yaya, kun kulle mini uwa a ɗaki kamar kayan lefe. Weekend ɗin nan mu kai ta ta ga teku, kafin in haihu a kulle ni ni ma.” Ta hau jirgin ƙasa ta zo Manchester ranar Juma'a, da safe muka ɗunguma a mota zuwa wani ƙaramin gari na bakin teku, inda muka kama ɗaki na kwana ɗaya.

Da muka isa, abin dariya, babu teku. Yashi ne kawai shimfiɗe har iya ganinka, can nesa wani ɗan layi yana ƙyalli. Hajiya ta kare ido da hannu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wa 'yarta, “Ke, tambayi wancan yaron, ina ruwan da aka ce?”

“Yana can gaba, Hajiya.”

“To ai dam ɗin Tiga ma ya fi wannan ruwa.”

Ashe da manufarta ta zo. Ta zaro wata gorar roba daga jaka, wai maƙwabciyarta a Kano ta yi mata sautun ruwan teku, an ce yana maganin ƙaiƙayin jiki. Sai an ɗebo. Mijina ya ce shi bari ya je ya bi layin kifi da dankali, mu kuma muka kama hanya a kan yashi, mu uku, a hankali kamar masu rakiyar amarya. A hanya mun tsallake wani kwari mai faɗi, busasshe, sai ɗan danshi da bawon katantanwa. Ko kallonsa ban yi ba. Gaban kwarin akwai tudun yashi, nan Hajiya ta ce gwiwarta ta gaji. Na karɓi gorar na ƙarasa bakin ruwa da gudu na ciko mata.

Wurin ya yi mata daɗi saboda babu kowa. Can bakin gari Turawa ne kwance rabi tsirara, tun da muka sauka take kawar da kai tana istigfari. Ta ce azahar ta yi, ita da alwalarta, nan za ta yi salla. Ƙanwar mijina ta duba alƙibla a waya ta shimfiɗa mata darduma. Alƙiblar ta kalli gari, teku yana bayanta. Mu kuma ba mu da alwala, ga mai ciki tana neman banɗaki, sai muka ce bari mu je mu dawo.

Yanzu in na ba da labarin nan wasu sukan ce, ku ba ku san teku yana ja da baya ya dawo ba? An koya mana a makaranta, na ma rubuta a jarrabawa. Amma sanin takarda daban. Mu ruwan da muka sani, inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma, sai in damina ce. A raina, in ma zai dawo, daga gaba zai taho a hankali kowa yana kallonsa. Ban san yana zagayowa ta baya kamar ɓarawo ba.

Mun fito daga banɗaki muna gyara mayafi, sai na lura duk mutanen da ke can cikin yashi sun juyo suna dawowa. Wata tsohuwar Baturiya mai jan kare ta tsaya ta nuna can da hannu ta tambaye mu ko waccan matar tamu ce. Ta ce tide yana shigowa, wato teku yana dawowa, kuma a nan wurin yana da sauri ƙwarai. Na duba. Kwarin nan da muka tsallake ya zama kogi. Ruwa yana kwarara a cikinsa daga gefe, tudun da Hajiya take kai ya zama tsibiri, ita kuma tana tsaye ta ɗaure hannu, ba ta san me duniya ke ciki ba.

Ƙanwar mijina ta dafe ciki ta fara salati. Ta kira Yayanta, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta kira lambar gaggawa tana magana da Turanci, aka ce ga masu ceto nan zuwa, kada kowa ya shiga ruwan. Ta maimaita mini, “Sun ce mu jira.”

Na ce, “Su jira su. Riƙe mini jaka.”

Na cire takalmi na zura da gudu. Lokacin da na shiga kwarin ruwan bai wuce ƙwaurina ba, amma sanyinsa sai da ya sa na yi ƙara. Na haye, na iske Hajiya ta zauna tahiyya. Sai ga ni tsaye a bayanta kamar wata sakarya, ina tunanin yadda ake katse wa uwar miji salla. Na yi gyaran murya. Shiru. Na tafa hannu. Shiru. Na ce ai tahiyya ce, yanzu za ta sallame. Sai kawai na ga ta dafa ƙasa tana ƙoƙarin miƙewa. Ashe ta farko ce, da sauran raka'a biyu, kuma raka'ar Hajiya ba irin tamu ba ce.

Na waiwaya. Ruwa ya fara lasar gefen darduma.

Nan bakin da na daɗe ina kamawa ya ƙwace. Na sha gabanta, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba, na kama hannunta na ɗaga murya. “Hajiya, ki yanke sallar nan! Ruwa ya zagaye mu, wallahi in muka ƙara minti biyar sai dai a yi mana salla mu!”

Ta buɗe ido ta kalle ni. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido da ita. Sai ta ji sanyi a ƙafarta, ta duba ƙasa, ta ce, “Inna lillahi.”

Muka fara tafiya ina jan ta, amma gwiwar ta ƙi. Kafin mu kai bakin kwarin na gane ba za ta iya ratsa shi da ƙafarta ba, ruwan zai kwashe ta. Na cire mayafina na durƙusa na juya mata baya.

“Hau, Hajiya.”

“Ke! Kina cikin hankalinki? Ni?”

“Ki hau. In mun fita ki yi mini duk faɗan da za ki yi, ki kira Kano ki kai ƙarata. Amma yanzu ki hau.”

“A'a, 'yar nan, ke dai wuce, ki turo wancan yaron.”

“Wancan yaron yana layin kifi! Hajiya, ba zan koma in ce masa na bar ki a nan ba. Hau!”

Tsawa na yi mata, ba zan ɓoye ba. Sai na ji hannayenta a kafaɗata. Na yafa mayafin na ɗaure shi tam a ƙirji da ƙugu, yadda na saba goya ƙannena a gida. Ba ta da nauyi sosai, wannan ma ya ba ni tausayi.

Ruwan da na tsallake a ƙwauri yanzu ya kai mini cinya, a tsakiya ya haura ƙugu. Yana tura ni gefe, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, doguwar rigata ta naɗe mini ƙafafu. Ban iya iyo ba, ko a kududdufi ban taɓa gwadawa ba. Sau ɗaya na yi tangaɗi har ruwa ya taɓa haɓata, na haɗiyi gishiri. Hajiya ta ƙanƙame ni tana karanto addu'o'i a kunnena, tsakani kuma ta ce, “A hankali, 'yata. Dama, yi dama.” Ita da ba ta gani, ita ke ba ni hanya. Wani abu mai tauri yana ta bugun ƙirjina, sai daga baya na gane gorar maƙwabciya ce. Darduma ta tafi, takalmanta sun tafi, amma gorar tana hannunta.

Da na ɗago kai sai na hango mijina ya taho a guje, ya watsar da ledar kifi, tsuntsayen teku sun rufar mata. Ya faɗo cikin ruwa da takalmansa ya kama ni, muka ƙarasa tare. Ƙafata na taɓa busasshen yashi na zube, Hajiya tana ɗaure a bayana. Ƙanwar mijina tana kuka tana dariya tana kwance kullin mayafin, tana cewa, “Uwar gaggawa, wane irin ɗauri ne wannan? Ko buhun gero ne?”

Masu ceton suka iso suka lulluɓe mu da wasu barguna masu ƙyalli kamar takardar gasa kaza. Suka duba Hajiya suka ce lafiyarta lau, ni kuma suka yi mini faɗa a kan shiga ruwa, na ce na ji. Na juya na kalli inda ta yi salla. Babu tudu, babu alamarsa, ruwa ne kawai yana wasa.

Har muka koma masauki Hajiya ba ta ce mini komai ba. Ta rama sallarta ta kwanta. Na ce shi ke nan, na sha gaban uwar miji a salla, na yi mata tsawa a gaban Turawa, labari zai riga ni zuwa Kano.

Da safe aka kawo shayi da burodi. Na gaishe ta na ɗauki kofina zan fita waje kamar kullum, sai na ji ta ce, “Ina za ki? Dawo nan.” Ta matsa mini wuri a gefen gado, ta gutsuro burodinta ta miƙo mini. Na tsaya ina kallon mijina.

Ta ce, “Ci mana. Wadda ta goya ni, wace kunya kuma ta rage? Rabona da bayan mutum tun ina 'yar tatsitsiya.” Ta kurɓi shayi, sannan ta juya wajen 'yarta. “Amma fa yarinyar nan tana da murya. Ko ladan albarka.”

Muka yi dariya har mai ciki ta riƙe ƙugu. Na ci burodin nan ina hawaye, ban san dalili ba.

Hajiya ta koma Kano da idanu biyu garau da gorar ruwan teku. Ko ta yi wa maƙwabciya maganin ƙaiƙayi, ban tambaya ba. Har yau ba ta kiran sunan ɗanta, amma in ta bugo waya sai ta ce, “Ba ni uwar goyona.”

Abin da ranar ta koya mini biyu ne. Na farko, a ƙasar da ba taka ba, ko yashi ka gani ka tambayi masu wurin kafin ka shimfiɗa darduma. Na biyu, kunya ado ce, kuma har gobe ina durƙusa wa Hajiya. Amma da na tsaya a bayanta ina gyaran murya har ta cika raka'a huɗu, da ladabina ne ya kashe mu. In ruwa ya taɓa darduma, ka buɗe baki.