Goggo Kikuno Mai Tsaga Katako

Injin da ke rumfar bayan gidan kakanmu ya girmi kusan duk wanda ke raye a ƙauyen Tsuzurano. Asalinsa ma ba na tudu ba ne. A cikin jirgin kamun kifi ya yi ƙuruciyarsa, sai da jirgin ya ruɓe kakanmu ya same shi a bakin teku, aka jawo shi da shanu har kan duwatsunmu. Ya kafa shi a gefen gonar shayi, ya haɗa shi da zarto da doguwar bel ta fata, tun daga nan gidanmu ya zama inda ake kawo gungumen sugi, wani dogon itacen duwatsunmu, a tafi da katako.

Babana ne ɗan fari, shi aka sa ran zai gaji rumfar. Amma tun yana yaro ƙarar zarto ke sa masa ciwon kai, yana gama makaranta ya tafi Osaka ya shiga aikin kamfani. Ƙanwarsa Kikuno ce ta tsaya. Ba wanda ya ce ta koya. Ta fara da kwashe garin katako ana kai wa shanu shimfiɗa, ta koma riƙe bakin katako idan ya fito, wata rana kakanmu ya waiwaya ya ga ita ke tura gungume a kan keken ƙarfen da ke kai shi bakin zarto, kuma layinta ya fi nasa miƙewa. Bai yabe ta ba, sai dai washegari ya miƙa mata magagarin wasa zarto ya tafi gona.

Tana budurwa injin ya tsaya, ya ƙi tashi. A kan dutse ba mai sanin injin jirgi, don haka aka aika bakin teku, aka turo wani saurayi baƙi wuluk saboda rana, mai suna Torao. Goggo ta ce kafin shayin da ta zuba masa ya huce ya gano matsalar. Amma ya kwana, da safe ya ce akwai wata ƙusa da bai yarda da ita ba. Bayan ƴan kwanaki ya sake hawowa, wai ya tuna bai duba famfon mai ba. Da zuwan ya yi yawa, kakanmu ya ce masa tunda injin nan ba ya ƙare lalacewa, gara ya kwaso kayansa gaba ɗaya. Haka aka yi auren, Torao ya shigo gidanmu ya ɗauki sunan zuriyarmu, mu kuma muka samu Kawu.

Suka raba aiki, kuma rabon bai taɓa canjawa ba. Inji nasa, zarto nata. Shi zai kunna fitilar kananzir mai feshin wuta ya gasa kan injin har ya yi ja, ya ɗiga mai a nan, ya shafa can, sannan ya kama ƙaton wilin ƙarfen da ke gefen injin ya girgiza shi gaba da baya har injin ya yi tari ya kama. Daga nan sai ka ji tum, tum, tum a hankali, hayaƙi na fita zobe-zobe ta bututu. Ita kuma tana can gaba da ɗankwali ɗaure a ka, tana juya gungume tana duban bakinsa kafin ta yanke shawarar inda zarto zai shiga. Ba ta taɓa injinsa, shi ma ba ya taɓa zartonta. Idan bel ta zame, sai ta ɗaga murya ta ce mutumin teku ya sake yin barci. Shi kuma ya ce ƴar dawa ce ke cusa wa bawan inji abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙara, kuma kowa ya lura kullum wannan kunnen yake juya mata.

Ba su haihu ba. Ni ce ake turo musu duk hutun makaranta, daga baya da aurena ya mutu na dawo ƙauyen da zama, na buɗe ɗan wurin yin tofu, wato awara, kusa da gada.

A lokacin kuwa katakon ƙasashen waje ya cika kasuwa da araha, rumfunan tsaga katako na kwarinmu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tasu ba ta rufe ba, don dama ba ita kaɗai ke ciyar da su ba. Suna da shinkafa, suna da shayi da itatuwan lemon yuzu. Sai an samu sararin gona ake tada inji, a tsaga wa wannan ginshiƙin rumbu, a fitar wa wancan katakon daɓen ɗaki. Wasu su biya da kuɗi, wasu su kawo naman gadun dawa ko buhun dankali. Goggo takan ɗaga hannayenta biyu ta nuna wa baƙi yatsunta, ta ce a duk masu zarton kwarin nan ita kaɗai za ta je kabari da nata cikakku.

Sun tsufa tare a haka, har wata kaka da Kawu ya faɗi a gindin yuzu da almakashi a hannu. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya ɗaya, da ƙyar. Da aka sallamo shi, Goggo ta shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kallon gona, ta ja tamfol ta rufe injin. Babana ya bugo waya ya ce akwai masu tara tsofaffin injuna, za su zo su ɗauka. Ta ce masa ta ji, ta ajiye wayar, ba ta sake tada zancen ba. Ni dai na lura duk safiya takan shiga rumfar ta shafe zarto da mai, ta fito.

A shekarar da ta biyo aka yi mahaukaciyar guguwa. Ruwa ya zubo kamar ba zai tsaya ba, dutse ya zaftare ya toshe hanyar mota, turakun lantarki suka kwanta, rafi ya tafi da gadar da ke tsakanin gidajenmu da gonakin shinkafa. Da gari ya lafa muka fito muna kallon shinkafa a tsallake, ta nuna, ta kwanta cikin ruwa. Idan ba a yanke ta da wuri ba, tsiro za ta yi a jikin zangarniya. Hukuma ta aiko cewa garuruwan da ke ƙasa sun fi mu shiga uku, sai an gama da su za a iso gare mu. Gaskiya suka faɗa, ba wanda ya yi ƙorafi.

Tsofaffin ƙauyen suka taru a tsakar gidanmu. Genzo, wanda ya yi aikin kafinta a ƙuruciyarsa, ya ce itace kam guguwa ta kayar mana da isasshe, kuma idan aka samu katako zai iya haɗa gadar ƙafa da za ta ɗauki mutum da dami. Ba mai son duban rumfar. Goggo ta tashi ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito da Kawu a goye, ƙafafunsa na jan ƙasa. Muka taimaka aka sa shi a baro da matashi, ta tura shi har gaban injin, ta yaye tamfol.

"To, mutumin teku," ta ce, "yau kai ne baki, ni ce hannu. Ka faɗa a hankali, ba inda za ni."

Ta ba shi sanda a hannun hagu. Ya nuna gwangwanin mai, ta ɗauko. Ya nuna ramukan da ake ɗigawa, ta bi su ɗaya ɗaya, inda ta tsallake sai ya buga sandar a ƙasa. Ta kunna fitilar ta kafa ta a kan injin. Da ta ga ƙarfen ya fara canja launi ta kai hannu ga wili, ya ce, "Tukuna." Ta jira, ta sake kai hannu, ya sake cewa tukuna. Ta ce duk zamansu bai taɓa samun damar juya ta haka ba, shi ya sa yake ja. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Da ya gyaɗa kai, ta kama wilin. Ƙarfinta bai kai ba, na kama mata gefe guda muka girgiza tare. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Mutane suka fara tafi. Sai muka ji wani sauti daga baro, muka juya a tsorace, ashe Kawu ne ke dariya har da hawaye, yana nuna bel da sanda. Injin da baya ya tashi, zarto na juyawa a birkice. Irin waɗannan injunan haka suke, ta inda ka sake su ta nan suke bi, don a jirgi da haka ake ja da baya.

"Ƴar dawa," ya ce, ya numfasa, "tashar... ta wuce."

Tsokanarta yake yi, wai ta wuce tashar jirgin ruwa ne, shi ya sa take ja da baya. Tun faɗuwarsa ba mu ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba. Goggo ta tsaya tana kallonsa, sannan ta goge fuska da bakin ɗankwali ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta. Ya nuna mata yadda za ta rage mai har injin ya kusa mutuwa, ya yi lilo, ta ƙara masa daidai lokacin da ya juyo. Sai a gwaji na uku ko na huɗu ta dace. Zarto ya miƙe, ta koma gurbinta.

Kwanakin da suka biyo, maza na jawo gumagumai da igiya, Goggo na tsagawa, Genzo na aunawa da ƙusa a baki. Mu mata muka riƙa kawo dunƙulen shinkafa da tukunyar miyar miso ta waken soya bakin rumfa. Kawu na zaune a baronsa da kunnen nan mai ji a wajen inji, da zarar bugun ya canja sai ya ɗaga sanda, wani ya ruga ya ƙara ruwa ko mai. Gadar ta fito ƴar siririya, tana rawa idan mutum biyu suka hau, amma a kanta muka tsallako da shinkafar ƙauyen. An yi asarar wadda ta fi nutsewa, sauran ta shiga rumbu.

Bayan an buɗe hanya Goggo ba ta mayar da tamfol ba. Ta sa Genzo ya yi wa Kawu kujera mai jingina a inda hayaƙi ba ya kaiwa, kuma duk ranar da akwai aiki sai ta turo shi. A hankali ta daina jiran sandar. Wani lokaci tana sane take yin kuskure, ta ɗauki gwangwanin da ba shi ba, don kawai ya buga ƙasa ya harare ta. Ya ƙara wasu shekaru a haka, ya rasu wata bazara bayan an gama dashen shinkafa.

Mai shirya jana'iza ya zo da hotunan akwatuna, ta ce ya mayar da su. Akwai wani gungumen sugi da ya daɗe yana bushewa a ƙarƙashin rumbu, na itacen da suka dasa shekarar aurensu. Ta tada injin ita kaɗai, ta hana kowa kama mata, ta tsaga shi sirara, Genzo ya haɗa. Da aka kwantar da Kawu a ciki ɗakin duk ya cika da ƙamshin sabon katako, ta sunkuya ta gyara masa wuyan riga ta ce masa jirgin ba ya yoyo, ta duba da kanta.

Yanzu ta haura tamanin, bayanta ya ranƙwafa, gungume mai nauyi sai an juya mata. A bara wasu miji da mata suka baro birni suka sayi tsohon gidan da ke saman rafi, suka zo neman katakon daɓe. Matar, Chinami, ta tsaya kallo har aka gama, washegari ta dawo da tsofaffin tufafi da takalman roba. Goggo ta ba ta tsintsiya da kwando. Da na tambaye ta ko ta samu magajiya ke nan, sai ta ce in bar yarinya ta fara sanin inda ba a sa hannu. Jiya da na kai musu tofu na tarar Chinami ce ke riƙe da bakin katako, Goggo na yi mata faɗa a kan ta tsuke hannun rigarta.