Ranar da Na Kori Tsuntsaye a Cikin Aji

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni Boɗinga shi ne ƙarar keken ɗinki. Tun kafin jakinmu ya tsaya a ƙofar gidan Gwaggo, ƙanwar babana, nake jin ta daga zaure: ta yi gudu, ta lafa, ta sake yin gudu. Mijin Gwaggo tela ne. Ya amsa sallamarmu, ya tambayi Baba mutanen garinmu Mandera ɗaya bayan ɗaya, har da saniyar da ta yi ciwo bara, amma ƙafarsa ba ta daina taka keken ba, idonsa kuma bai bar bakin allura ba. Ni ina tsaye bayan Baba da ƙullin kayana a ka, ina jira in ga ya ɗinke yatsansa. Bai ɗinke ba.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce. An zo garinmu neman yaran da za a sa makarantar boko ta En'e, har da mata, sunana ya faɗa ciki. Baba bai yi gardama ba, amma ya kafa sharaɗi a gaban Gwaggo: duk ranar da malam ya ce ba ni da kan karatu, zan koma gida, domin ni ce babba a ɗakinmu kuma aiki na jirana.

Aikin kuwa tsaron tsuntsaye ne. Tun ina ƙarama sosai, idan gero ya fara nuna, ni ake ɗorawa kan wata 'yar rumfa mai tsawo a tsakiyar gona. An ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gonar, an rataya musu tsofaffin gwangwanaye da fasassun ƙore. Mai tsaro ba ya kallon wuri ɗaya. Idan ka zuba wa gabas ido, tsuntsayen janbaki za su sauka ta yamma. Sai dai ka saki idonka da kunnenka su bazu ko'ina, tun hantsi har la'asar, kana jiran abin da wataƙila ba zai zo ba. Ni ba ma ganinsu nake fara yi ba. Akwai wani shuu da fikafikansu ke yi daga nesa, kamar ana sheƙar tsaba a wani gida, da na ji shi hannuna ya riga ya fizgi igiya, bakina ya riga ya yi kuwwa. Baba yakan ce damina uku bai yi asarar zangarniya goma ba. Wannan ne kaɗai yabon da na taɓa ji daga bakinsa.

A shekarar farko makaranta ta yi mini daɗi, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Ina son ƙamshin alli, ina son yadda baƙaƙe ke haɗuwa su zama abin da ake faɗa da baki. A aji biyu ne aka mayar da mu wani ɗaki da tagarsa ke kallon gonar gero, aka zaunar da ni dab da ita. Malaminmu saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, ajin kuma cike yake. Ba ya duka sai dole. Abin da yake so shi ne a kalle shi idan yana magana. Ni kuwa an raine ni a kan cewa yarinya ba ta ɗaga ido ta kalli babba. Duk lokacin da ya juyo sai ya tarar da kaina a sunkuye.

"Ke, mi nic ce?"

Sau da yawa na sani. Amma da idanun aji suka juyo kaina sai maganar ta maƙale. Wani lokacin kuma, gaskiya, rabin maganar kawai na kama, domin kunnena ya tafi wajen gugan da ake ja a rijiya, ko jakin da ya yi kuka sau biyu ya fasa na uku.

Wata Litinin, geron bayan aji ya nuna, Malam yana ba mu shifta. Yana faɗa muna rubutawa. Aji ya yi tsit. Na rubuta layi biyu daidai, ina cikin na uku, sai na ji shuu ɗin nan daga yamma. Ban yi shawara da kaina ba. Na tsinci kaina a tsaye, hannuna ya fizgi iska, allona ya faɗi ƙasa, muryar da ba wanda ya taɓa ji a makarantar ta cika ɗakin: "Haaa! Haaa!"

Tsuntsayen sun tashi, wannan kam na gani. Sannan aji ya fashe da dariya. Wata yarinya 'yar cikin gari da ke zaune kusa da ni har da riƙe ciki.

"Ashe bebiyar tana da baki! Malam, a ba ta gwangwani!"

Malam bai yi dariya ba, bai kuma ɗauko bulala ba. Ya ɗauki allona ya duba layi biyu da rabi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai jin tausayi, "Jikinki ɗai ka zuwa makaranta, hankalinki na gona. Ban son in cuci babanki. In ya taho ran kasuwa, sai in hwaɗa mai gaskiya."

Baba ba ya fashin kasuwar Boɗinga, kuma duk zuwa sai ya biya ya gaida Malam.

Na koma gida ban ci tuwon rana ba. Gwaggo tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, tukunya na kan wuta, tana kuma hira da maƙwabciya ta kan katanga. Labari ya riga ni isowa. Ta bari maƙwabciyar ta tafi, sannan ta ce, "To, sarkin tsaro, taho nan. An ce yau kin ceci gonar mutane kyauta."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi, mazarinta na juyawa.

"Hwaɗa min, mi kij ji cikin ajin kahin tsuntsayen su taho?"

Na lissafa mata ina shessheƙa: takalmin Malam na hagu yana ƙara, na dama ba ya yi, wani yaro a baya yana tauna aya a ɓoye, an bar ƙofar ofishin babban malami iska na kaɗa ta, mai gonar ya tafi salla, domin na ji ya jingine fartanya.

"Ikon Allah. Malam hwa, mi yac ce a layi na ukku?"

Na sunkuyar da kai, ina wasa da bakin zanena.

Ta ajiye mazari, ta shiga ɗaki ta fito da faifai cike da wake. "Tsince min tsakuwa. In na tauna ko guda da dare, ke ta."

Na zauna a tsakar gida ina tsinta. Matan gidan suna daka, yara na guje-guje, kaji na zagaya ni. Da farko ina jin kome. Amma tsakuwar da ke cikin wake kalar waken gare ta, sai ka sa ido sosai, ka taɓa da yatsa. Ban san lokacin da sauran duniya ta ja baya ba. Can sai na ji an ambaci sunana, ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai. Gwaggo ce, tana bakin murhu.

"Mi ad da mi matan ga sunka ce tun ɗazu?"

"Ban ji ba, Gwaggo."

"Sun kusa dambe kan taɓarya, ba ki ji ba. Amma sunanki, da nir raɗa shi, kin ji. To wa yac ce ba ki da hankali? Iri biyu gare ki, ɗiyata. Na gona kika ɗauka kika kai aji."

Shekaru da yawa bayan haka, a kwalejin horon malamai mata, aka koya mana cewa masana halayyar ɗan Adam sun rarraba mai da hankali gida-gida: akwai wanda ke zaɓar abu ɗaya ya toshe sauran, akwai mai jimirin jira na dogon lokaci, akwai wanda ake rabawa tsakanin ayyuka biyu, akwai kuma wanda wani abu daga waje ke fizgewa ba da izininka ba. Na rubuta duka a littafina da kyau. Ban ɗaga hannu na ce na san su ba, har lokacin kunya ba ta sake ni ba.

A kwanakin da suka rage kafin kasuwa, kullum da la'asar Gwaggo sai ta ba ni faifai, ta zauna tana ba ni labarin danginmu, ta ce in maimaita. A gida ina iyawa. A aji kuwa, da na tattara kaina wajen muryar Malam, sai iska ta kaɗa geron nan a gefen kunnena, kafaɗuna su ɗaga da kansu. Na roƙi Gwaggo ta je ta yi masa magana. Ta ce ita matar aure ce, ba ta zuwa makaranta, mijinta kuma bai ga abin da ya faru ba.

Sannan ta ce, "Bakin da yak kori tsuntsu ɗari bai kasa magana da mutum guda."

Ana gobe kasuwa na riga kowa zuwa. Malam yana tsaye shi kaɗai yana rubuta kwanan wata a babban allo. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa bai juyo ba. Ban tashi ba. Can sai ya juyo, alli a hannunsa.

"Lahiya?"

Na ɗaga ido na kalle shi, karo na farko, na ga ashe shi ma da gajiya a fuskarsa. Na mayar da idona ƙasa.

"Allah gafarta Malam, in na sunkuyar da kai, saurare nike. Tagar ce ka ɗauke ni. Don Allah a maishe ni gaba, jikin bango, a sake ba ni shiftar nan yau, kahin Baba shi taho."